Ɗan benci ya raba ni da hayaƙin gashi

Jiya ina cikin tasi ina jiran fasinja a garin Lanham, nan ƙasar waje, Injiniya Kabiru ya kira ni yana ta dariya. Ya ga 'yan wasan da na zaɓa a fantasin ƙwallon kwando da muke yi kullum, wato gasar da kowa ke zaɓar 'yan wasa na gaske, makin da suka ci a fili ya zama nasa. Dokarmu, wanda ya zo na ƙarshe a mako shi ke gasa wa jama'a nama ran Lahadi. Sati uku ni nake shan hayaƙi.

Ya ce, "Malam Isufu, ka bar tauraro ka ɗauki ɗan benci mai jiran canjinsa? Ka duba lissafi kuwa?"

Na ce, "Injiniya, babana fataucin shanu ya yi a Maraɗi. Kafin ya taya bijimi, sai ya ga tafiyarsa. Tauraron nan naka wasa uku ya buga a kwana huɗu, ƙafa yake ja."

Ai kuwa aka hutar da tauraron, ɗan bencina ya shiga ya kwaso maki. Yau da safe ga ni a sama, Injiniya can ƙasa. Na ce ya nemi gawayi mai kyau, ba na cin ƙonanne.

Allah Ya jiƙan Baba, bai taɓa ganin ƙwallon kwando ba amma ya ci mini wasa. Ku fa, wace dabarar gida ce ta taɓa fisshe ku a ƙasar nan?