Hajiya Dije da Motar Mata

Duk wanda ya saba cin kasuwar Mafara ran Talata ya san farar akori-kurar nan mai tsagaggen gilashi da ke shigowa ta hanyar Bakura da hantsi, buhunan shinkafa sun danne ta har bayanta na neman sharar ƙasa. Baƙo ne kaɗai ke tsayawa ya sake duban direban. 'Yan gari sun daɗe da daina kallo, sai dai su matsa gefe, don Hajiya Hadizatu, wadda kowa ke kira Hajiya Dije, ba ta cika shiri da birki ba.

Ɗiyar Ɗanasabe mahauci ce. Ta tashi ita kaɗai mace a cikin maza bakwai, a gidan da in ba ka ɗaga murya ba sai ka kwana da yunwa. A nan ta samo muryarta, kuma har yau ba ta rage ta ba. Da ta isa aure ta zaɓi Malam Mamuda, malamin gona mai zagaya manoman shinkafa na yankin Bakolori, mutum mai sanyi kamar randa. Mutane suka ce Allah ya haɗa wuta da ruwa. A gidansa ta fara sana'a: ta sayi samfarera, wato shinkafa da ɓawonta, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, ta sayar.

Tuƙi kuwa tsautsayi ne ya koya mata. Tana da shekara talatin da takwas Malam Mamuda ya faɗo daga babur a hanyar Kaya, ya karye a ƙafar hagu, aka yi masa ɗori. Kaka ce, shinkafar da ta saya tana jibge a Morai, direbobin gari duk sun yi wuyar samu, ga akori-kurar Malam tana shan rana a ƙofar gida. Kwana uku tana kallon motar, motar na kallonta. Rana ta huɗu ta ce, "Malam, tashi ka koya min abin ga."

"Da wace ƙafa?"

"Da baki za ka koya min. Ƙafar tawa ce za ta yi aiki."

Aka ciccibe shi aka sa a kujerar gaba, suka tafi filin makaranta bayan an tashi yara. Waɗanda suka ga abin sun ce ba su taɓa jin Malam Mamuda ya yi ihu ba sai ranar. "Na tsakiya, Dije! Na tsakiya za ki taka!" Ita kuwa ta taka na dama, suka ratsa dangar wani maƙwabci suka tsaya a cikin kuɓewarsa. Ta fito ta ba da haƙuri, ta sa aka gyara danga, washegari ta koma. Cikin mako biyu ta kwaso shinkafarta daga Morai da kanta. Kafin ƙafar Malam ta warke ta je ta yi lasisi, makullin kuma ya koma zama a bakin zanenta.

An yi surutu, ba a ce ba a yi ba. Wani dattijo ya tare Malam ya ce bai dace ba, ya karɓe makullin. Malam ya ce, "Gaskiyarka. Tana ciki, shiga ka karɓo." Dattijon bai shiga ba. Wani kuma ya kai maganar wurin limamin unguwa, liman ya ce shi bai ga inda aka hana mace hawan raƙumi ba, mota kuwa raƙumin zamani ce. Roƙonsa ɗaya, ta riƙa rage gudu a ƙofar masallaci.

Shekarar da ta je aikin hajji, a Madina ta zauna kusa da wata mata 'yar Iran, fara mai faɗin kafaɗa, cikin baƙin lulluɓi har ƙasa. Babu mai jin harshen wata. Da hira ta ƙi, sai Dije ta nuna kanta, ta yi kamar tana murza sitiyari. Matar ta yi dariya, ta ciro waya ta nuna mata hoto: ga ta nan a kujerar direban wata ƙatuwar bas, fasinja cike. Dije ta dawo gida da dabino da zamzam da ɗan haushi, don a zatonta ita ce gwana.

Bayan 'yan shekaru Sufyanu, ɗan ƙanenta mai sayar da motocin Kwatano, ya faka wata 'yar jar mota a ƙofar gidan, tana ƙyalli kamar tumatir. Ya durƙusa ya gaishe ta, aka yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Gwaggo, girmanki ya wuce akori-kura. Wagga motar mata ce, don ku aka ƙera ta. Ba kuloci, da kanta take canja giya. Ga madubi nan sama in kin so gyara kwalli. Ga wurin aje jaka. In kina ja da baya har kuka take yi, don kada ki bugi wani abu."

"Mi ya sa ba ta yi wa maza kukan? Su ba su bugun komai?"

Sufyanu ya yi dariyar ɗan kasuwa. Ya ce ko a ƙasashen waje haka ake yi yanzu, har a Iran an taɓa maganar ƙera wa mata tasu motar daban, mai launi mai taushi.

"Wadda na gani a Madina bas take ja," in ji Dije. "Buhu nawa wannan ke ɗauka?"

"Haba Gwaggo, ba ta kaya ba ce."

"To bari mu gani."

Ta sa aka loda mata buhu biyar, ta ɗauki Sufyanu suka nufi Bakura. Tun kafin su bar gari cikin motar ya fara gogar ƙasa. Duk ramin da suka faɗa, Sufyanu sai ya yi salati kamar a jikinsa ne. Ƙafarta ta hagu kuma sai lalube take tana neman abin takawa, sau biyu ta danna birki da ita har goshinsa ya gaisa da gilashi. Da suka dawo ta miƙa masa makulli ta ce, "Mota ce mai kyau, Allah ya kawo mai ita. Amma wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin macen da ke da aikin yi ba."

Mai ita kuwa yana zaune kan tabarma yana saurare. Tun karayar nan gwiwar Malam Mamuda ba ta son kuloci. Ya tashi ya zagaya motar sau biyu, ya ce bari dai ya ɗana. Har yau shi ke hawanta, ya je masallacin Juma'a, ya je ɗaurin aure Maradun. Madubin kwalli kuma ya yi amfani, da shi yake daidaita hula. In abokansa sun tsokane shi da motar mata, sai ya ce ai gidan nasu kowa ya ɗauki abin da ya dace da ƙafarsa.

Autarsu Na'ima, wadda ke karatu a Gusau, ita ta jawo abu na gaba. Ta ɗauki bidiyon uwarta tana juya akori-kura a tsakiyar kasuwa ta sa a waya, abu ya yi ta yawo har ya kai ga wata Baturiya 'yar jarida. Baturiyar ta nemi a haɗa su ta waya, ana ganin juna, Na'ima na fassara. Dije ta ɗaura sabon ɗankwali, ta yafa hijabinta mai ruwan ƙasa, ta zauna a tsakar gida.

Baturiyar ta fara da cewa ta yi rubutu da yawa kan matan Iran da irin ƙuncin da suke ciki, kuma labarin Hajiya ya taɓa mata zuciya. Sannan ta tambaya, a ɓoye ta koyi tuƙi? Me mijinta ya yi da ya gano?

"Ihu ya yi," in ji Dije.

Fuskar Baturiya ta cika da tausayi.

"Inna, ki ƙarasa mata mana," in ji Na'ima.

Malam ya leƙo daga rumfa. "Gaya mata ni na koya mata! Da karyayyar ƙafa!"

Baturiyar ta sake tambaya, to lulluɓin fa, ba ya hana ta? Dije ta ce sau ɗaya ƙofa ta taɓa datse shi, daga ranar take tattare shi kafin ta rufe. Da aka tambaye ta babban abin da ke tsare mata hanya, nan ne muryarta ta sauka. Ta ce ramuka da tsadar mai an saba da su. Amma shekara huɗu ke nan ba ta bi hanyar Gidan Goga ba saboda 'yan bindiga, kuma akwai matan da take sayen shinkafarsu a can, wasu sun gudo Maradun da yara, wasu ba ta san inda suke ba. "Ki rubuta wannan," ta ce. "Shi ya tsare mu, maza da mata."

Baturiyar ta rubuta, a sakin layi na ƙarshe. Kan labarin kuwa, da Na'ima ta fassara, cewa ya yi matar da ta tsinka sarƙa. Dije ta dubi wuyanta, ta ce sarƙarta lahiya lau take, tun da ta sayo ta a Makka ba ta taɓa tsinkewa ba.

Matan ƙungiyar masu turara shinkafa suka ji, suka laƙa mata Mai Tsinka Sarƙa, ta yi faɗa har ta gaji ta bari. Uku daga cikinsu sun ce ta koya musu tuƙi. Zakiyya, ƙaramarsu, ta riga ta iya, ita ke riƙe sitiyari yanzu daga Bakura zuwa bakin gari, Hajiya Dije na gefe tana cin gyaɗa tana cewa ta ƙara wuta, kasuwa ba ta jiran kowa.