Ranar da Na Raba 'Yan Garinmu a Khumra

A farkon shekarun tamanin ni ne shugaban lebura a wani siton shinkafa a Khumra, can gefen Jidda. Kada ka ji "shugaba" ka zaci wani abu ne. Ihu ne aikina, sai ƙirga kawuna safe da la'asar. Kashi huɗu ne a hannuna: Yamanawa, 'yan Pakistan, 'yan Chadi, sai namu, mutum takwas 'yan gari ɗaya daga ƙasar Maraɗi. A cikinsu har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na nema masa iƙama, wato takardar zama, ni kuma na rantse wa Inna cewa lafiya zan mayar mata da shi.

A bakin titi akwai wani tsoho irin waɗanda ake ce wa Buhari a can, wato mutanen da suka baro ƙasashen da Rasha ta haɗiye. Tamis yake gasawa, gurasar nan mai faɗi, yana sayarwa da ful, dafaffen wakensu. Yatsu uku babu a hannunsa na hagu. Wata rana da hantsi na tsokane shi da guntun Larabcina, ina ce masa ammi, wato baffa.

"Ammi, tanda ce ta lashe maka yatsun?"

"Sanyi ne, ya waladi," in ji shi.

Na kwashe da dariya. Sanyi? A Jiddar nan da kwalta ke narkewa? Bai yi dariya ba. Ya ce yana saurayi aka kama shi soja, aka tura su yaƙi wata ƙasa mai suna Finlan, inda tofi ke daskarewa kafin ya kai ƙasa. Sai ya ɗebo busasshen wake ya zube a kan tebur.

Ya ware goma da 'yan kai. "Waɗannan da kofur ɗinsu," ya ce. Irinsu uku ko huɗu, an ba su hafsa. Irin wannan uku, kamfani ke nan. Kamfani uku, bataliya. Ya ci gaba da ninkawa uku-uku, waken ya ƙare bai kai ƙarshe ba. Ya ce runduna guda tasu mutum dubu goma sha wani abu ce, ban da dawakai da tankoki. Na riƙe baki. Wallahi garinmu da ƙauyukansa kaf ba su kai haka ba.

"To wa zai iya da ku?" na ce.

Ya jera waken layi guda. Ya ce haka aka zuba su a hanya ɗaya tal cikin daji, ba dama ba hagu. Mutanen Finlan ba su da yawa, rundunarsu ma ba ta kai ta su tsohon ba. Sai su fito 'yan kaɗan-kaɗan cikin fararen kaya, da katako a ƙafa suna sulalewa a kan ƙanƙara, su datse layin gunduwa-gunduwa kamar rake. Tukunyar abinci suke fara harbi. Sauran aikin yunwa da sanyi ne ke ƙarasawa.

Abin da ya tsorata ni bai zo ba sai da ya ce daga baya mutanen Finlan sun kama shi, aka kai shi noma wani ƙauyensu. A can ya gane yadda suke tsara sojansu: 'yan gari ɗaya kamfani ɗaya, wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci. "In rana ta ɓaci wa kamfanin, ta ɓaci wa garin," ya ce. "Gida bayan gida na ga hoton saurayi a bango."

Nan take na tuna da mutanenmu. Namu takwas ɗin mota ɗaya suke hawa daga Mahjar, unguwar da muke kwana, ƙarƙashin tsibin buhu ɗaya suke yini. In motar ta kife fa? Wani direban tirela ya danna mini oda, na tashi a guje ko sallama ban yi wa tsohon ba.

Washegari na gauraya kowa, bibbiyu daga kowane kashi, ƙanena kuwa na ware shi shi kaɗai daga namu, wai don in fi tsare shi. Kai, ranar na sha surutu! Mutanenmu suna da yadda suke aiki: duk wanda ya sauke buhu sai ya kira na bayansa da sunan tsokana, shi ma ya amsa da zagi, haka har a tashi. Ni a lokacin shirme na ɗauke shi.

"Yaya, ban san kowa a can ba," in ji ƙanena. "Ka bar ni cikin 'yan'uwa mana."

"Halas, magana ta ƙare! Ni na kawo ka ko kai ka kawo ni? Yalla, wuce."

Ya wuce. Bai taɓa musu da ni ba.

Sati uku bayan haka, gab da azahar, wani tsibi ya zame a can ƙuryar sito. Mutanen kashinsa sun ji ƙarar, suka leƙa, suka ga buhuna ne kawai a zube, suka ce a bari sai an ci abinci. Kowa ya nufi tiren 'yan ƙasarsu. Namu suka zaci yana ci da sababbin abokan aikinsa, su kuma suka zaci yana wurin namu. Ni ina ƙofa ina faɗa da direbobi.

Da la'asar na ƙirga, mutum ɗaya babu. Na sake ƙirgawa. Innalillahi! Da hannu muka yi ta jifa da buhunan nan, ina ihu kamar mahaukaci. Da muka iso gare shi jikinsa da sauran ɗumi. Ya yage buhun da ke kan fuskarsa da farce, shinkafa cike da tafinsa. A nan Jidda muka binne shi.

Rana ta biyu da rasuwar tsohon ya rufe tandarsa ya zo gaisuwa Mahjar. Ya zauna kusa da ni a tabarma, ya tambaye ni me ya sa na raba su. Na ce ai shi ya ba ni labarin ƙauyen nan.

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Labarin mutanen Finlan na ba ka, ya waladi, ban kai ga namu ba. Mu ne aka gauraya, kowa da yarensa. Wanda muke kwana rami ɗaya da shi ya ɓace kwana uku, ba wanda ya tambaya, har ni. Su kuwa ko gawa ce sai sun ja ta sun kai gida."

Ya miƙe ya yi mini sallama. Yana fita sai ga wani Bayamane daga kashin da na saka ƙanena, mutumin kirki, yana kuka da gaske. Ya riƙe hannuna biyu ya ce yana so ya yi wa marigayin addu'a a Harami, don Allah in gaya masa sunansa. Sati uku suna ɗora wa juna buhu a kafaɗa.