Labo Mai Gishiri da Hanyar Kan Tsauni

Labo mutumin Bengu ne. Gishirin Foga yake ɗora wa jakunansa uku, ya kawo kasuwar Gaya. Ba mai yawan magana ba ne. Ya riga ya binne matarsa ta fari da ƴaƴa biyu kafin ya auri Madina, wata Badendiya daga ƙetaren kogi. Mutane sun ce sai bayan aurenta suka fara jin dariyarsa.

Shekara uku da samun mulkin kai, Madina ta tafi gidan uwarta haihuwa, a wani ƙauye kusa da Malambil a ƙasar Dahome. Ba ta daɗe da tafiya ba aka samu saɓani tsakanin Nijar da Dahome, aka rufe gadar kogin da ke tsakaninsu.

Wani masunci da ake kira Dodo ne ya kawo masa labari a ɓoye. Ya ce an samu ɗiya mace, amma jini bai tsaya wa mai jego ba, kuma sunansa take ta kira. Labo ya kwana uku yana zarya a ofis neman takardar wucewa. A rana ta uku akawu ya gaya masa ya daina wahalar da kansa, ba wanda za a ba.

Akwai wata tsohuwar hanya da ta bi ta kan tsauni a yammacin Gaya, ta gangara zuwa wata ƴar mashigar masunta. An hana binta, har sanƙira ya yi shela cewa duk wanda jandarmomi suka gani a kai, ya kuka da kansa. Dodo ya ce zai ɓoye kwalekwale a cikin ciyawa, ya jira shi zuwa asuba, amma ba zai wuce haka ba.

Bayan lisha Labo ya ɗaure takalmansa a ƙugu, ya kama hawa babu fitila. Da hannu yake lalubar duwatsu, ƙaya tana yagar masa riga. Ya kusa kaiwa sama sai ya ji muryoyin masu sintiri da warin taba. Ya kwanta tsakanin duwatsu biyu, cinnaku suna cizonsa, bai motsa ba har suka tashi. Dare ya riga ya raba.

Wajen gangara ya yi sauri. Wani dutse ya suɓuce a ƙarƙashinsa, ƙafarsa ta dama ta shige rami ta karye. Ya ja ciki har bakin gangare. Da gari ya fara wayewa ya hango kogi shimfiɗe a ƙasa, ya hango Dodo yana tura kwalekwalensa. Bai yi kira ba, don in ya ɗaga murya Dodo ma za a kama.

Da hantsi jandarmomi suka same shi. Ɗaya daga cikinsu, ɗan garin Tanda, ya san shi a kasuwa.

"Baba Labo, me ya hau da kai nan?"

"Iyalina ce ba lafiya," in ji shi.

Suka ɗauko shi a kan bargo. An tsare shi kwana goma sha ɗaya ana tambayarsa wanda ya aiko shi, bai ambaci Dodo ba. Ran da aka sake shi ya ji cewa Madina ta rasu tun yana kwana huɗu a tsare.

Da aka buɗe gada ya ƙetara yana ɗingishi. Ya tarar surukarsa ta tashi da jaririyar, wasu suka ce ta koma garin Kandi, wasu suka ce ta bi dangi Najeriya. Sau biyu yana zuwa Kandi. Ko sunan da aka raɗa wa ɗiyar bai samu wanda ya sani ba.

Ƙafar ba ta ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Ya rabu da jakunan, ya koma tufkar igiya a rumfar wani maƙeri a bayan kasuwa. A nan ya yi shekara tara, har wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, maƙerin da maƙwabtansa suka yi masa sutura.