Filashin da Na Riƙa Yi wa Ungozoma

Tun ina da cikin fari abu ɗaya yake hana ni sakewa: kada wata rana buƙata ta taso, in danna waya, in ji an ce layin a kashe yake. Bayan na haihu abin ƙaruwa ya yi. Ko atishawa 'yata ta yi sau biyu a jere, sai na fara tunanin wa zan kira.

A Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a Kibiya muna da wani littafi mai shuɗin bango, na lambobin waya. Duk wadda ta san lamba mai amfani sai ta kawo a rubuta: mai adaidaita da yake kai mutane asibiti Rano, mai kemis, mai injin niƙa na Fassi, da wata ungozoma a Kahu. Malamarmu ce ta damƙa mini riƙonsa. Na ce, "Malama, ni fa a aji huɗu na tsaya." Ta ce, "Ai ba rubutunki nake so ba, wannan tsoron naki nake so." Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

Duk Alhamis da hantsi, in na yi wa yarinya wanka na goya ta, sai in shimfiɗa tabarma in bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da filashin. In ta shiga, in kashe, in ɗiga mata jan biro. In Alhamis uku ba ta shiga ba, in ja mata layi in cigita a makaranta. Mai adaidaita kam kullum sai ya biyo kira: "Hajiya, ina nan da raina, a ɗiga mini!" Ta ungozoma kuwa ba ta taɓa ƙin shiga ba. Jan ɗigo har ya cika gefen shafinta, ina ta jin daɗi.

Maƙwabciyata tana da tsohon ciki, da littafin ta dogara. Kullum ta leƙo ta katanga sai ta ce, "Lambar nan dai tana nan ko?" In ce, "Kwantar da hankalinki, ni na gwada da hannuna."

Wata Asabar bayan karin kumallo naƙuda ta kama ta, maigidanta yana gona can wajen Tarai. Na kira lambar ungozoma, namiji ya ɗauka. Na zaci mijin ungozomar ne.

"Malam, don Allah haihuwa ce ta zo, nan Kibiya!"

"To, to. Ta fari ce?"

"Ta biyu."

"Tana tsaye ko ta kwanta?"

"Tana durƙushe."

"Jiya ta ci harawarta sosai?"

Na janye wayar na dube ta. "Harawa kuma?"

"Baiwar Allah, wai saniya ce ko tunkiya?"

Ashe malamin dabbobi ne. Ya ce ya daɗe da sayen layin sabo. Har ya ƙara da cewa, "Au, ke ce mai filashin Alhamis? Iyalina har sun fara yi mini tambaya!"

Na kashe wayar. Na kira mai adaidaita, shi da na san muryarsa. Kafin in gama haɗa zannuwa yana ƙofar gida. Ba a kira azahar ba ta sauka lafiya a Rano, mace.

Ranar suna ungozomar ta zo barka. Wayarta ce ta ɓata tun bara, ta canja layi, ba ta san tana cikin wani littafi ba. Mai jego kuwa har yau in ta gan ni sai ta ce, "Yaya, an kawo mini harawar?"

Ban goge lambar mutumin ba, sunan kawai na gyara, ta kuwa yi wa akuyar surukata rana. Amma na daina filashin. Yanzu sai na ji murya, mun gaisa, na tambayi ko wane ne, sannan in ɗiga.

Don Allah, in kun canja layi, ku aiko a faɗa mini. In kuma kun ga kirana ranar Alhamis, ku ɗauka ku yi magana.