Kyandir a Ajin Auta

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, shi ya sa har ta fara furfura Auta muke ce mata. Ni na tsaya a sakandare, na kama aikin buga takardu a wani ofis har idona ya gaji. Ita ta wuce kwalejin horon malamai, ta fito ta ɗauki alli. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta kuma sake aure ba. Ba mai fara'a ba ce, ba kuma mai yawan haƙuri ba. Malama ce, iyakar abin da ta iya ke nan.

Makarantar da take koyarwa ta wani mutum ce, ba ta gwamnati ba. Gidan haya ne aka farfasa bangonsa aka yi azuzuwa. Nata aji huɗu ne, mai taga ɗaya, da benci masu cizon zane. A bayan ajin akwai wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye karyayyun kujeru, shi mai makaranta ya ba ta take kwana. Gado, risho, akwati, sai igiyar rataye kaya. Aikin da ɗakin igiya ɗaya ta ɗaure su, in ɗaya ya tafi ɗayan zai bi shi.

Shekara da shekaru tana koyarwa yadda aka koyar da mu: malami ya faɗa, yara su maimaita da ƙarfi har na titi ya ji. Sai wata shekara mutanen jami'a suka zo da wani bincike, wai suna so su gano yadda za a koya wa yaro yin tunani da kansa. Suka tara malamai a lokacin hutu suka horar da su. Abin da suka ce ba shi da yawa. In ka yi tambaya ka yi shiru ka jira, kada ka cika wa yaro baki. In ya ba da amsa, ko daidai ko kuskure, ka tambaye shi ta ina ya bi ya kai can. Ka kawo abu a gabansu su gani, su yi gardama a kai. Suka ce za su dawo ƙarshen shekara su duba, makarantar da ta yi ƙoƙari za su ci gaba da ita, har su kafa allonsu a ƙofarta. Wannan allon ne ya shiga ran mai makaranta, don ya san iyaye suna bin allo kamar ƙuda da miki.

Sauran malaman suka ci abincin taro, suka koma gidan jiya. Auta kuwa abin ya kama ta kamar zazzaɓi. Ta zo gidana ta ce mini ashe duk shekarun nan aku take kiwo. Na ce mata aku ma yana cin jarrabawa, ta bi a hankali. Ba ta ji ba.

Ajinta ya koma kasuwa. Ta jefa bulala a kan rufin kwano. Rannan ta shigo da bokitin ruwa da ƙaramin dutse da babban kwano, ta tambaye su me ya sa ƙaramin ya nitse babban ya ƙi. Suka yi ta musu har aka buga ƙararrawar tashi ba wanda ya miƙe. Ita da kanta ta zo ta ba ni labari. Amma manhaja ta tsaya cak, sauran azuzuwa suka wuce ta. Wata mai ɗinki ta zo har aji ta yi mata tas, ta ce ta kawo 'yarta a koya mata karatu, an mayar mata da ita lauya, ko gishiri aka aike ta saye sai ta nemi dalili. Mai makaranta ya ja wa Auta kunne, amma ya ƙyale ta saboda allon da yake hange.

Da lokacin dawowar baƙin ya matso, sai ya samo labari daga wani abokinsa mai makaranta a wata unguwa cewa kyandir suke kunnawa, su kifa masa kwalba, wutar ta mutu, su saurari abin da yara za su ce. Ya kira Auta ofis. Ya ce ta tsara tambayoyi masu kyau da amsoshinsu, ta raba wa yara su haddace, kowa ya san lokacin da zai ɗaga hannu. Ta ce masa ai wannan shi ne ainihin abin da aka hana. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne in ajinta ya ba shi kunya, ta ajiye masa allinsa da makullinsa.

Da yamma ta zo wurina. Na zuba mata abinci, ta tura shi gefe. Na faɗa mata gaskiya, don ban iya lallashi ba: gidana ɗaki ne da falo, ga ɗana da matarsa da 'ya'yansu, kuma ba wanda ke layin ɗaukar tsohuwar malama. Ta ce yaranta sun iya, ta gani da idonta. Na ce to me ya kawo ta da wannan fuskar. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Yaya, in suka ga baƙi suka yi shiru fa? Wani lokaci sai sun daɗe kafin ɗaya ya buɗe baki. Ni na saba jira. Shi ba zai jira ba."

Ban ce mata yi ba, ban ce bari ba. Ta tashi ta tafi, tsoron ya bi ta.

Washegari ta fara. Ta aro bulala a aji uku. Yaran da ta yi wata da watanni tana roƙo su faɗi nasu, yanzu in ɗaya ya sauya kalma ɗaya sai ya ji ta a baya. Wani ya tambaye ta me ya sa, ta ce masa yau babu me ya sa. Mai makaranta ya hana a kunna wuta a aji, wai kada a ƙone masa benci, saboda haka da guntun alli suka yi gwaji, shi ne kyandir, kofin shan ruwa kuma shi ne kwalba. Tunda alli ba ya mutuwa, sai ta ba su alama: da zarar mai gwaji ya ɗage hannunsa daga tebur, yarinyar farko ta miƙe. Suka yi ta yi har ya zauna musu kamar karatun sallah. Ita kuwa ta rame, leɓenta ya bushe, ko gaisuwa ba ta amsawa da kyau.

Ranar da baƙin suka zo ina ajin, don mai makaranta ya ce a samo manya su cika bencin baya a matsayin iyaye. Shugabarsu wata mace ce mai gilashi, ana ce mata Dakta. Ta gaisa da yara, ta kafa kyandir a kan tebur, ta ƙyasta ashana ta kunna. Sannan ta ɗage hannunta don ta lalubo kwalba a jaka.

Yarinyar farko ta miƙe tsaye, ta harɗe hannu.

"Malama, me ya sa wutar ta mutu bayan an kifa kwalba?"

Wuta tana ci bal-bal. Kwalba tana cikin jaka. Kafin wani ya yi motsi na biyu ya miƙe ya ce saboda iskar da ke ciki ta ƙare. Na uku ya ce to da kwalbar ta fi haka girma fa. Na huɗu ya amsa masa. Haka suka yi ta zubowa kamar an kunce famfo, har na ƙarshe ya kai aya, ajin ya tafa wa kansa yadda aka koya masa. Wata tsohuwa a gefena ta taya su tafi. Mai makaranta yana bakin ƙofa yana goge gumi.

Dakta ta bar su suka gama. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya a hankali, wa ya ga wutar ta mutu. Ta fito da kwalbar ta kifa, harshen wutar ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke, hayaƙi ya cika ciki. Ta ce to, yanzu wa yake da abin cewa. Na duba yaran ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalli tebur. Duk fuskar Auta suke kallo, suna jiran ta nuna musu wanda zai miƙe. Dakta ta jira, ta daɗe tana jira. Auta tana jingine da bango, ta damƙe alli har ya dagargaje a hannunta. Yaran da suka kusa dambe a kan dutse da kwano, ranar ko tari ba wanda ya yi.

A tsakar gida Auta ta tare matar, ta riƙe mata hannu, ta ce wallahi da sun iya, ta ba su wata rana ta zo da wani abu daban. Matar ta ce ta yarda da ita, kuma ba nan ne aka fara yi musu haka ba, amma abin da ta gani shi za ta faɗa, ga kuma makarantu da yawa suna jiransu. Suka shiga mota suka tafi. Mai makaranta bai ce shi ya sa ta ba. Cewa ya yi ko haddar ma ba ta iya sa yara su yi daidai ba. Ƙarshen zango ta miƙa makulli, aka kawo mini ita, akwatinta da risho a cikin kurar ɗan dako.

Yanzu a falona take kwana, a bayan doguwar kujera. Tana naɗe katifarta tun kafin surukata ta fito, don kada a tsallake ta. Kullum da safe takan goge takalminta ta fita zagayen makarantu. Wasu su ce ta dawo sabon zango, wasu ko ƙofa mai gadi ba ya bari ta wuce. Jiya aka ce mata akwai wata sabuwa a ƙarshen gari da ke neman malamai, amma matasa suka fi so. Yau da safe ta tsaya gaban madubina ta daɗe tana tura furfura cikin ɗankwali.

"Yaya, tsufan ya fito sosai?"

Na ce mata ya fito. Ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta ta fita.