Tulun Zumunta a Ajin Fiziks

Na taɓa faɗuwa a kwas ɗin fiziks da ke bayanin yadda sauti da haske ke tafiya. In na sake faɗuwa, sai na ƙara shekara a jami'a. A karo na biyu malaminmu ya ware maki mai tsoka ga wani aiki: kowa ya kawo wani abu daga gida ya nuna yadda sauti ke canjawa.

Nan take na tuna tulun da Mama ke kaɗawa da soso a zumuntar mata ta cocinmu a Kagoro. Takan zuba masa ruwa kafin waƙa, muryarsa ta yi sama. Na cika takarda biyu da lissafin ruwan da zai sa ya dace da ƙaramin ƙarfen da malam ke bugawa a aji. Na je aro, ina ji da kaina.

"Tulu na coci ne, ba ya tafiya shi kaɗai," in ji Mama. "Zan bi shi."

Haka ta sauka daga acaɓa a jami'armu da ke Kafanchan cikin anko na zumunta, tulu a rungume kamar jariri. Ba zan ɓoye ba, kunya ta kama ni. Samarin ajinmu har sun fara tafi irin na coci.

Na auna ruwa, na zuba, na buga. Malam ya buga ƙarfensa. Ko kurma ya san ba su haɗu ba. Ashe na yi lissafin kamar na bututu miƙaƙƙe, alhali tulu ciki gare shi da wuya.

Mama ta tashi daga bayan aji, ta nufi malam. "Ranka ya daɗe, buga abin kuma." Ta karkata kai, ta rage ruwa, ta buga, ta mai da kofi guda. Sautin biyu suka zama ɗaya.

Malam ya miƙo min alli, ya ce in bayyana abin da ta yi. Na gano kuskurena a gaban kowa, na gyara shi a allo layi bayan layi. Na ci kwas ɗin, kuma har yau ina alfahari da ranar.

Da muka fito malam ya tambaye ta inda ta yi karatu.

"Ban yi ba," ta ce, tana naɗe tulun da zani. Ta nuna ni da baki. "Shi ya sa na aiko wannan."