Wanda Zai Murɗa Min Sitiyari

Ni dai mutum ne mai surutu, wannan ko maƙiyina ya shaida. A makaranta ni ke tada gurup ɗin ajinmu tun kafin a sha shayi, kuma babu abin da zai faru a duniya da ba ni da sitikarsa. Amma shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki na ajiye zango guda na dawo gida, ƙauyenmu da ke bayan Danja. Yaya yana Kaduna wurin aiki, 'yan'uwana mata duk suna ɗakunansu. Gidan ya rage daga ni sai Inna sai Baba, shi kuma Baba bakinsa ya karkace, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito.

Aikina guda ne. Duk Laraba in sa shi a tsohuwar motarsa in kai shi Funtua a yi masa gashi. Matar da ke gasa shi ta ja mana kunne tun farko, ta ce in aka riƙa tsallake mako yatsun hannun daman nan za su dunƙule, kuma in sun dunƙule shi ke nan.

Motar nan ta sha wuya, ta yi shekaru tana jigilar masara daga Dandume. Da sitiyarin ya fara lilo a hannuna sai na kai ta gareji aka canza tayarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Na fito ina jin kaina, sitiyari ya yi tsam kamar sabuwa, har na ɗora a sitatus. Ba a daɗe ba, muna dawowa daga gashi, na karya kwana zan sauka daga kwalta sai na ji gwaf! daga ƙasa. Na ce ƙila dutse ne. Kwana ta gaba, gwaf. A miƙe shiru take tafiya, kwana ce kawai ba ta so.

Baba ya ɗaga hannun hagu ya bugi gaban motar. Ya kalle ni, na kalle shi.

Washegari na koma gareji ni kaɗai. Kaka ce, filin ya cika da manyan motocin hatsi da wata tarakta da aka baje mata ciki. Ogan ya fito daga ƙarƙashin wata yana goge hannu, ya kama tayar ya jijjiga, ya ce in zaga fili mu ji. Na zaga. Wallahi ko tari motar nan ba ta yi ba.

Ya ce, "Ɗan boko, ko dai waƙar da kake toshe kunne da ita ce ta biyo ka?"

Yaransa suka kwashe da dariya. Na ce, "Oga, na rantse tana yi."

"To ka kawo ta ranar da take yi. Ka ga layi."

Ina fita gari ta ci gaba da abinta.

Na ɗauki ƙarar a waya na tura gurup. Wani ya ce aljanun Danja ne ke neman lif. Wani ya turo sitikar akuya tana kuka. Daga nan hira ta koma kan jarrabawar da za su shiga, wadda da ina can da ni ne zan fi kowa ihu. Na rubuta amsa mai zafi, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Saƙona ya yi sama ya ɓace.

Kuskuren da na yi, na tura wa Yaya. Nan take ya kira.

"Auta, ka ajiye motar nan. Sitiyari ba abin wasa ba ne, in sandar nan ta fita kuna gudu sai dai labari. Ku shiga ta haya."

"Yaya, ka san ba zai shiga ba."

"Ka lallaɓa shi."

Faɗa da sauƙi daga Kaduna. Mun taɓa gwada ta haya sau ɗaya, farkon ciwon. A tasha mutane suka ciccibe shi kamar buhu, kwandasta na cewa a matsa wa tsoho, ga waɗanda suka san shi lokacin da yake sayen hatsi suna ta sannu Alhaji, sannu Alhaji. Da muka dawo ko tuwo bai taɓa ba. Da na kawo masa maganar haya wannan karon, juya fuska kawai ya yi ga bango. Laraba ta zo ta wuce muna gida. Da yamma na ga Inna tana buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, suna komawa.

Na ƙona data a kan bidiyon masu gyara, kuma duk maganarsu ɗaya ce. Ka bar motar a ƙasa da nauyinta, mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, ɗaya ya kwanta ya ɗora hannu a kan kowace gaɓa, inda ke bugu zai ji a tafinsa. Aiki mai sauƙi, sai dai na mutum biyu ne. Ni kuma ni kaɗai ne.

Ba wai unguwar babu mutane ba. Amma da kaka duk mai ƙarfi yana gona tun asuba, ba ya dawowa sai ya zama gawa. Abokan da muka taso tare kuwa mun yi nisa, in mun haɗu gaisuwa ce da "yaushe za ka koma?" Na tsaya a ƙofar gida ina leƙen titi, awaki ne kawai da wata tsohuwa mai daddawa. Na gwada jingina waya da dutse tana ɗaukar bidiyo ni ina murɗawa. Abin da ta ɗauko duhu ne da ƙafar kaza.

Na roƙi Inna. Ta yafa mayafi ta shiga tana bismillah, ta riƙe sitiyarin da yatsu kamar kwanon miya mai zafi. Ina kwanciya na ji abin goge gilashi ya tashi, sai hon. Ta fito da gudu.

"Ni ka rufa min asiri! In ta tashi ta taka ka in ce wa mutane me?"

"Inna, a kashe take fa."

"A kashen ta yi min ihu?"

Na yi dariya har da hawaye, kuma rabona da dariya da wani a kusa da ni har na manta. Ta koma ciki, dariyar ta ƙare, na zauna a kan buhun takin da na shimfiɗa ina kallon tayar.

Sai na ji ƙwas, ƙwas a ƙasa. Baba ne daga zaure, inda muke fito da shi shan iska, yana buga sandarsa. Ashe duk yana kallo. Ya nuna motar da sanda, ya nuna ƙirjinsa.

Na ce, "Baba, da nauyi fa. Ba a tada inji."

Ya ƙara bugawa, da ƙarfi.

Ni da Inna muka kama shi. Na nufi ƙofar da ya saba shiga, ya turje, sai ta direba. Inna ta ɗaga ƙafar da ba ta motsi ta sa masa ciki, ta ɗora hannun daman a cinyarsa. Ya kama sitiyarin da hagu, daga sama, yadda yake yi da can in yana tuƙi yana cin gyaɗa.

Na kwanta ta bayan tayar hagu. Na ce, "Bismillah, Baba."

Na ji ya yunƙura. Sai tayar ta motsa kaɗan. Ina jin numfashinsa ta cikin ƙarfen motar. Hagu, dama, hagu, dama, a hankali amma bai tsaya ba. Na taɓa gaɓar ciki, lafiya. Na matso da hannu kan sabon tayarod, daidai inda ya shiga ƙarfen taya, sai ga shi, gwaf, a tsakiyar tafina, kamar zuciyar wani abu.

Notin ne ya saki. A garejojinmu ba a cika sa fin na kanti mai hana noti warwarewa a kan irin wannan notin ba, ƙusa ake zurawa a ramin a lanƙwasa, kowa haka yake yi kuma tana riƙewa. Tamu dai siririya aka samu, gargadar hanya ta karya ta, guntunta na nan maƙale ya yi tsatsa. Da yatsa na juya notin. Zare kaɗan ya rage ya fita.

Jikina ya yi sanyi, amma bakina bai sani ba. Na kurma ihu daga ƙarƙashin mota, "Baba, mun kama shege! Baba, ka iya!" Inna tana cewa in yi wa Allah in rage murya, maƙwabta za su ce wani abu ya faru.

Na ɗaure shi tam da sifana, na ciro ƙusa mai kauri daga tsohon ƙyauren rumbu na zura na lanƙwasa, kafin in kai wa Oga ya duba da idonsa. Na ce Baba ya sake kaɗawa. Babu komai, sai kukan roba a kan ƙasa.

Da na fito rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na miƙa hannu zan fito da shi, ya girgiza kai. Ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, "Laraba."

Na ce, "Laraba, in sha Allah."

Bai sauka ba. Na zaga na shiga kujerar gefe, muka zauna a motar da ba ta tafiya, gilashi a sauke, har aka kira azahar.